Adashi ba ya ƙara ko kwabo, to me ya sa ba a daina shi ba?

A ɗauki mata goma a layi ɗaya, kowacce tana kai naira 2,000 hannun uwar adashi duk ranar Juma'a. Kowane mako mutum ɗaya ce ke kwasar naira 20,000. Ranar da mako goma ya cika, kowacce ta zuba 20,000, ta kuma karɓi 20,000. Ko kwabo bai ƙaru ba. A wasu wuraren ma uwar adashi tana cire ɗan ladan wahalarta, ka ga raguwa aka yi ke nan. Wanda ya yi lissafin a takarda cewa zai yi wahalar banza ce. Amma daga Kano zuwa Maraɗi, har zangon Kumasi, da wuya ka shiga gida ka rasa mai zubi. Ma'aikata suna yi a ƙarshen wata, 'yan kasuwa suna yi kullum, masu adaidaita sahu suna yi a tasha. Mutanen nan sun fi kowa sanin ciwon kuɗi, don haka akwai abin da suka gani wanda takardar ba ta nuna ba.

Abin da suka gani shi ne kuɗin talaka ɗigowa yake yi, buƙata kuwa a dunƙule take faɗowa. Mai tuyar ƙosai ta ci ribar ɗari biyar yau, gobe ɗari uku, jibi ruwan sama ya hana ta fita. Buhun wake, sabon kasko, kuɗin haya, 'yar akuya, kayan ɗakin yarinya, babu ɗaya da ake saye da ɗari uku-ɗari uku. Da za ta tara ita kaɗai, sai mako na goma za ta ga 20,000. A cikin adashi kuwa, tara daga cikin matan nan goma sun samu kuɗin kafin wannan lokaci. Ta farko rance ta samu daga mutum tara, babu ruwa a kansa, babu jingina. Ta ƙarshe ce kawai ta yi ajiya zalla. Wannan ne ya sa ake ta da jijiyar wuya kan wa zai fara kwasa, shi ne kuma ya sa uwar adashi mai hankali take duba wadda haihuwa ta matso mata ko wadda mai gidan haya ya tasa a gaba, ta roƙi sauran a matso da ita.

To ita ta ƙarshen fa, me ta ci? Ta ci abin da ya fi wuya a gidan talaka, wato kuɗin ya kai mako goma ba a taɓa shi ba. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa idanu ne a kansa. Maigida zai ce a ara masa kafin Asabar, ƙane zai zo da maganar kuɗin makaranta, maƙwabciya za ta aiko yarinya, ita kanta mai kuɗin za ta ga atamfa ranta ya biya. A cikinmu kuwa cewa ɗan uwa "babu" alhali ya san akwai, abin kunya ne da ake daɗewa ana tunawa. Amma da ta ce "wallahi na zubi ne", magana ta ƙare, ba wanda zai ji haushi, domin kowa ya san abin da ake faɗa wa wadda ta karya adashi. Abin yakan ba ni dariya in na tuna: mutane suna shiga wata jama'a ne don su kare kuɗinsu daga wata jama'ar.

Adashi ɗaya ne cikin hanyoyi da yawa da ke tafiya a kan ƙa'ida guda. Biki ma haka yake. Mace ta kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna, an rubuta a littafi ko an riƙe a ka, ranar nata hidimar a mayar mata, a al'adar da ma har a ninka. Da masu iya magana suka ce biki bashi ne, gaskiya tsagwaronta suka faɗa. Ciyayya tsakanin maƙwabta, inda ƙwarya ke bin ƙwarya, tana nufin gidan da bai ɗora tukunya ba yau yaransa ba za su kwana da yunwa ba, kuma ba wanda ya yi roƙo balle a ji. Gayya tana tara majiya ƙarfi su nome gonar mutum cikin yini ɗaya a lokacin da ciyawa ba ta jira. Fulanin Nijar suna da habbanaye: a ba wanda ya rasa dabbobi aron saniya, ta yi ta haihuwa a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin agaji sun ga hikimar abin har suka kwaikwaya da awaki. A duk waɗannan, mutum yana ajiya ne a jikin mutane lokacin da yake da hali, ya zo ya ɗiba ranar da ba shi da shi.

Me ke sa a biya, tunda babu takarda, babu kotu? Sanayya ce. Banki yana neman jingina ne saboda bai san ka ba. Unguwa kuwa ta san mahaifinka, ta san ko kana caca, ta san ranar da ka sayar da rago. Jinginar talaka mutuncinsa ne, kuma jingina ce mai tsada, domin wadda ta kwashi adashi ta noƙe ta rasa adashin gaba, ta rasa bashin mai shago, watakila maganar ta biyo 'yarta ranar da aka zo binciken aure. Duk inda aka cire sanayyar nan, tsarin rushewa yake yi. Kowa ya ji labarin adashin da ake haɗawa a WhatsApp tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, a yi zubi wata biyu lafiya lau, a na uku a wayi gari lambar uwar adashi a kashe. Sunan ne na adashi, amma abin da ke riƙe adashi ba ya ciki tun farko.

Adashi yana da nasa rauni ko a tsakanin waɗanda suka san juna. Ba ya lanƙwasuwa: in ɗanki ya kwanta rashin lafiya a mako na uku, layinki kuma na mako na takwas ne, sai dai haƙuri ko roƙo. Kuɗin kuma ba ya haihuwa. Waɗannan gibi biyu ne aka yi ƙoƙarin cikewa a shekarar 1991, lokacin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani gwaji da matan karkara a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, aka raɗa masa suna Mata Masu Dubara. Abin da ya bambanta shi da yawancin shirye-shiryen tallafi shi ne ba a kawo wa matan jari daga waje ba. Tsari kawai aka koya musu, a kan abin da suka riga suka iya.

Ga yadda yake tafiya. Mata kamar 15 zuwa 30 suna haɗuwa duk mako, kowacce ta yi zubi. Maimakon a kwashe a ba mutum ɗaya, sai a tara a asusu. Wadda take da buƙata ta faɗa a gaban kowa, a ba ta rance na wata ɗaya zuwa uku, ta dawo da shi da ɗan ƙari. Akwatin da aka saba amfani da shi yana da kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu, don haka ba mai iya buɗewa sai a gaban taro. Ana ware wani ɗan zubi daban na jin ƙai, wanda ba rance ba ne, don rasuwa, gobara ko rashin lafiya. Bayan kamar wata tara zuwa shekara guda a fasa asusun, kowa ta ɗauki abin da ta zuba da rabonta na riba. Da yawa suna daidaita fashin da lokacin da ya fi musu amfani, gab da damina ko gab da salla. Ƙarin da ake ɗorawa kan rance ya jawo muhawara a wurare da dama saboda haramcin riba, kuma wasu ƙungiyoyin sun kauce wa matsalar ta hanyar sayen kaya da kuɗin asusu, hatsi ko gyaɗa lokacin kaka, su sayar in farashi ya tashi a raba riba.

Wannan tsari da aka haifa a ƙauyukan Hausa yau ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna cikinsa, galibinsu ba su san daga Maraɗi ya fito ba. A Nijar ɗin kanta ya haifar da abin da ba a yi lissafi da shi ba. Matan da suka saba tsayawa gaban mutum talatin su yi bayanin kuɗi, su yanke tara ga wadda ta makara, su sasanta rigima, wasunsu sun fito takarar kansila sun kuma ci.

Sai dai a nan ya kamata a faɗi gaskiya. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi irin waɗannan ƙungiyoyin asusu a Ghana, Malawi da Uganda, ya gano cewa ƙananan sana'o'i sun inganta, mata kuma sun ƙara samun ta cewa a cikin gida, amma bai ga wani ƙari a jimillar abin da gidajen ke ci da kashewa ba. Ban yi mamakin wannan ba, kuma ba na ganin sa a matsayin gazawa. Asusu da adashi da biki aikinsu na farko hana faɗuwa ne. Su ne ke sa mace ba ta sayar da akuyarta ɗaya tilo a rabin kuɗi ranar da yaro ya yi zazzaɓi ba, su ne ke sa manomi bai ci irin shukarsa ba, bai kuma jinginar da amfanin gonarsa tun yana kore ba. Wanda ya san yadda talauci ke kama mutum ya san yawanci ta nan yake shigowa: jinya ɗaya, gobara ɗaya, mutuwar bijimi ɗaya. Toshe wannan ƙofa babban aiki ne. Amma hana mutum nutsewa daban, fitar da shi gaɓar ruwa daban.

Dalilin a fili yake. Kuɗin da ke cikin akwati kuɗin matan ne, kuma dukansu talakawa ne. Dukansu ƙuli-ƙuli suke yi, ko awara, ko dambu, a ƙauye ɗaya, masu saye ɗaya. Labarin da wannan ta sani shi waccan ta sani. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasar, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, jihar Sakkwato kuma ita ce kan gaba da kusan mutum 9 cikin kowane 10. A wurin da tara cikin goma suke cikin hali ɗaya, komai ƙarfin zumuncinsu, abin da za su iya miƙa wa juna yana da iyaka.

Hanyar hawa sama a ƙasar Hausa ta daɗe tana bi ta wata irin alaƙa daban, wadda ke haɗa marar shi da mai shi. Yaro ya zo Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ba shi da ko sisi, wani ya kai shi wurin ubangida ya ce "ga ɗan wane, na tsaya masa". Ya fara da shara da ɗaukar kaya da aike. A hankali ya san kaya, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke jan ƙafa, 'yan sari daga Agadas ko Njamaina su san fuskarsa. Ranar da ubangida ya sallame shi, ko ya ba shi kaya bashi ya kafa tebur, abin da ya tafi da shi ya fi kuɗin da aka damƙa masa: ya tafi da suna, da masu saye, da wanda zai ɗaga waya ya ce "ku ba shi, ni ne". Adashi ba zai iya ba shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Haka fataken goro suka yi tsakanin Kano da Gwanja da ke arewacin Ghana ta yau, haka kuma cinikin shanu ya tsayu a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, inda maigida ke saukar da baƙon da ya kawo shanu daga arewa, ya sayar wa mahauta bashi ta hannun dillalansa, in an ƙi biya shi ne a ciki. Baƙon bai san kowa a garin ba, amma ya san mutum ɗaya da ya san kowa.

Ba na so a ɗauka ina yi wa tsarin kirari ne. Akwai iyayen gida da suka ci ƙuruciyar yara shekara goma sha, suka sallame su da "Allah ya ba da sa'a". Babu yarjejeniya a rubuce, yaron kuma ba shi da wurin kai ƙara sai dattawan kasuwa, waɗanda galibi abokan ubangidan ne. Sannan ƙofar nan ta maza ce kusan gaba ɗaya. Duk da haka, ka tambayi masu shaguna goma a kowace babbar kasuwa yadda suka fara, ka ƙirga nawa ne za su ambaci banki, nawa ne za su ambaci sunan mutum.

Abin sha'awa, masu bincike a Amurka sun iso wannan wuri ta wata hanya. A 2022 Raj Chetty na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka nazarci abotar mutane sama da miliyan 70 a Facebook. Sun duba yadda jama'ar wuri suke dunƙule da juna, sun duba yawan aikin sa kai, sun kuma duba yawan abota tsakanin marasa hali da masu hali. Na ƙarshen nan ne ya fi nuna ko ɗan talaka zai ɗaga in ya girma. Lissafinsu ya nuna cewa da yaran talakawa za su tashi a wurin da abotarsu ta yi kama da ta yaran masu hali, kuɗin shigarsu zai ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Amurka ba Katsina ba ce, kuma ba zan ɗauko adadin in liƙa mana ba. Amma duk wanda ya taɓa samun aiki saboda abokin makarantar allo ya tuna da shi ya san abin da ake nufi.

Wani gwajin ya fi kusa da gida. A Nijar, gwamnati da Bankin Duniya sun ɗauki matan da ke karɓar tallafin kuɗi na wata-wata, aka haɗa su duka a ƙungiyoyin asusu, aka koya musu sana'a. Daga nan aka raba su. Wasu aka ba su jari a dunƙule, sefa 80,000. Wasu ba a ba su jarin ba, sai aka tara garin gaba ɗaya, maza da mata da dattawa, aka nuna musu majigi kan ma'auratan da suka ja sana'a tare, aka zauna aka tattauna, sannan aka ba matan horo na 'yan kwanaki kan tsara buri da yanke shawara da iya magana. Wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna dukansu sun ci gaba, amma in aka auna amfani da abin da aka kashe, tsarin da ya taɓa tunanin jama'ar gari ba tare da jari ba ya yi fice, domin ya fi arha nesa ba kusa ba. Ni abin da na fahimta a nan shi ne, sau da yawa abin da ke tsakanin mace da kasuwa bai wuce yardar miji, bakin uwar miji, da tsoron abin da za a ce ba. Jama'ar da ke riƙe mutum kada ya faɗi ita ce kuma ke iya riƙe shi kada ya tashi.

Wannan riƙon yana da wata fuskar da kowane ɗan albashi ya sani. Da ka fara samu, layi ya kafu: kuɗin magani, kuɗin jarrabawa, ragon suna, gyaran katangar gidan gado. Kowace buƙata gaskiya ce, kuma mai nema shi ne jiya ya ciyar da kai. Amma jarin da ake yankar gefensa duk mako ba ya girma. 'Yan kasuwa da yawa sun karye ne da kyautar da ba su iya ƙi ba, ba da asara a kasuwa ba. Shi ya sa za ka ga mai hankali yana saurin mayar da kuɗi fili ko shanu ko kaya a sito, abin da ba a iya gutsura a miƙa.

Babban rauni kuwa shi ne ranar da masifa ta sami kowa lokaci ɗaya. Zumunci yana aiki ne idan yau ni, gobe kai. In gidana ya ƙone, naka yana nan. Fari fa? A yunwar 1973 da ta 1984, da matsin abincin da ya afka wa Maraɗi da Damagaram a 2005, rumbun mai bayarwa da na mai karɓa tare suka ƙare. Tsadar rayuwa ma haka take, sai dai ita a hankali take ci. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A irin wannan yanayi wadda ta kwashi adashi a ƙarshe ta yi asara ta gaske, domin 20,000 ɗinta ba za ta sayi abin da ta farko ta saya ba. Wasu sun gajarta zagayen, wasu sun koma adashin kaya, a zuba kuɗi a sayo shinkafa ko kayan kicin nan take, wasu kuma sun watse saboda zubin ya gagara. Irin wannan ramin sai hannun da ya fi na unguwa tsawo: hukuma, zakka da waƙafi da aka tsara da kyau, ko ɗan uwan da ke aiko kuɗi daga inda masifar ba ta kai ba.

Sannan akwai waɗanda tun farko ba sa ciki. Tunda tsarin na ba ni in ba ka ne, sai mai abin bayarwa ke shiga. Wadda ba za ta iya zubin ɗari biyu ba, ba a sa ta a adashi. Wadda ta kasa rama biki sau biyu takan daina zuwa da kanta don kunya, a hankali a daina gaya mata. Talauci mai tsanani yana cin abokai kafin ya gama cin dukiya. A birane kuma wuraren da ɗan mai kuɗi da ɗan talaka suke haɗuwa suna ta raguwa. A da makarantar gwamnati ɗaya suke shiga, zaure ɗaya suke karatun dare, unguwa ɗaya suke buga ƙwallo. Yanzu wannan yana makarantar kuɗi a bayan katanga mai waya, wancan yana ajin da ya cika ya batse. Sahun salla ne ya rage, shi ma da an sallame kowa ya nufi takalminsa.

Inda abin ya fi ban tausayi shi ne wurin waɗanda 'yan bindiga suka tasa. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu da yawa kuma suka cika gefen Gusau da Katsina da sauran garuruwa. Ana lissafa gonakin da suka bari da shanun da aka kora, amma ba a lissafa bikin shekara ashirin da mace ta zuba a jikin matan ƙauyensu, waɗanda yanzu kowacce ta kama gabanta. Ta iso birni da hannunta na sana'a, ta iya ƙuli, ta iya daddawa, ta sami kangon da za ta raɓa. Ta ji ana adashi a layin, ta je har gida ta yi sallama, ta ce tana so a sa ta ko da rabin hannu ne. Uwar adashi ta ba ta tabarma, ta ba ta ruwa, suka gaisa sosai, sannan ta tambaye ta: "To baiwar Allah, a nan unguwar wa ya san ki?"